Haɗa fakitin .deb da dpkg-deb: shawarwarin masu manhaja a Gusau

Fakitin .deb shi ne fayil ɗin da ake girka manhaja da shi a Debian, Ubuntu da ire-irensu na Linux, dpkg-deb kuma umarnin da ke haɗa shi. Abin da aka fi nanatawa shi ne tsarin folda. A jera fayiloli yadda za su zauna a kwamfutar mai amfani, misali usr/bin, sannan a buɗe folda DEBIAN da manyan baƙaƙe, a sa fayil ɗin control, mai ɗauke da bayanan fakitin, a ciki. Ya ƙunshi Package, Version, Architecture, Maintainer da Description. Sunan fakiti da ƙananan baƙaƙe, Version kuma ya fara da lamba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne izinin fayil. Wanda ya yi aikin a kan filas mai FAT32, foldarsa na iya fitowa da izinin 777, wato kowa na iya canza ta, dpkg-deb kuwa ba ya karɓar haka. A kwafo aikin cikin kwamfuta, a ba DEBIAN da postinst (fayil ɗin umarnin da ke tashi bayan girka fakiti) izinin 755 da umarnin chmod 755. Idan a Windows aka rubuta postinst, a bi shi da dos2unix, umarnin da ke mayar da ƙarshen layuka irin na Linux, in ba haka ba zai ƙi tashi.

Umarnin ginawa: dpkg-deb --root-owner-group --build folda, don kada fayilolin su tafi da sunan wanda ya haɗa.

Wajen gwaji a yi apt install ./suna.deb, domin dpkg -i ba ya sauko da fakitocin da aka lissafa a Depends, wato layin control da ke faɗin waɗanda manhajar ke buƙata. Makarantar da ba ta da intanet, sai a haɗa mata da waɗannan fakitocin a filas.