Alceste ya gagare mu: ko ya fito mahaukaci ko mai wa'azi

Assalamu alaikum. Muna shirya wasan kwaikwayon marubucin Faransa Molière na 1666, Le Misanthrope, da Hausa, amma Alceste, jarumin wasan, ya ƙi zama daidai.

Cikas ɗin yana kashi na 1, fitowa ta 2, inda wani bafade, Oronte, ke karanta waƙarsa ta soyayya, Philinte, abokin Alceste, na yabawa, Alceste kuwa ya ƙi yi masa kara. In ɗan wasan ya ɗaga murya, 'yan kallo sai dariya, sun ɗauke shi mahaukaci. Da an kai kashi na 5, inda Célimène mai shekara 20, wadda Alceste ke so, ta ƙi barin Paris ta bi shi, babu wanda rabuwar ke taɓawa.

Mun sassauta muryar, ya koma mai wa'azi kan munafunci, raha ta mutu, Célimène ta fito muguwa, alhali ba haka aka rubuta ta ba. Mun rage jawabansa na fitowa ta 1, sai soyayyar ta rasa tushe, domin a can yake gaya wa Philinte ya san aibinta amma yana son ta.

Don Allah, masu shirya wasa: a wace fitowa ya kamata a daina yi wa Alceste dariya a fara tausaya masa?