Yana zuwa na uku a aji amma bai iya karatu ba, ku ba ni shawara

Maman Sadik: Assalamu alaikum iyaye. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun. A Anguwan Rogo muke, a Jos. Da muna Gangare gidan surukata, to abubuwa suka yi yawa tsakanina da matan 'yan uwan maigidan, har da maganar ruwan rijiya da wa zai share tsakar gida, shi ne muka kama haya. Maigidan kayan gwari yake sayarwa a Farin Gada, asuba ya fita sai isha'i. Ni ɗinki nake yi. Yarona yana aji huɗu a makarantar kuɗi, kullum na uku ko na huɗu yake zuwa. Jiya na miƙa masa takardar maganin ƙanwarsa ya karanta min, wallahi ya kasa haɗa kalma ɗaya. Na ɗauko littafinsa na Turanci, ya zubo shafin tas. Na rufe hoton da hannu na nuna masa layin tsakiya, sai ya yi tsit. Kuma yana zuwa lesin kullum. Ban runtsa ba. Ya zan yi?

Malam Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. 'Yata, hadda yaronki yake yi, ba karatu ba. Malama ta karanta, aji ya amsa, da haka ake cin jarrabawa. Tambaya ɗaya: a Islamiyya yana iya biya sabon shafi da kansa?

Maman Sadik: Yana biyawa Malam, ya kusa izu biyar.

Malam Tsohon Hedimasta: To ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. A can an koya masa baƙi, aka sa wasali, aka haɗa. A boko an tsallake wannan matakin. Ki tsayar da lesin. Bayan magariba ki zauna da shi minti ashirin, da Hausa: ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku. Ki yanka kwalin sukari ki rubuta gaɓoɓin, ya haɗa "ba" da "ka" ya ga baka, ya juya ya ga kaba. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, shi ya sa yaro ke saurin kamawa. Turanci harafi ɗaya sai ya yi sauti uku. In ya gane cewa harafi sauti ne, sai a shiga Turancin.

Anti Rabi: Malam da girmanka, amma ban yarda ba. Kwaman entiras ta shiga makarantun tarayya da NECO ke shiryawa a aji shida, da Turanci ake yin ta. Saura masa shekara biyu ka ce ya koma ba be bi? Ni gidana na hana Hausa da rana, kuma ga yarana nan. Ki nemi mai koyar da Jolly Phonics kawai.

Malam Tsohon Hedimasta: Hajiya, Jolly Phonics ɗin ma sautin haruffa ne, abin da na faɗa ke nan. Kuma a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, a 2022 ma gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har aji shida, kafin ta soke tsarin a 2025. Ba ni na ƙirƙiro ba.

Anti Rabi: A takarda ba. A Jos aji ɗaya ga Bahaushe ga Birom ga Ibo ga Bayarabe, harshen uwar wa za a ɗauka?

Baban Ummi: Duk laifin masu makarantun nan ne. Kowane zango sai an ƙara kuɗi, ga kuɗin littafi, ga na rigar wasanni, ga na bikin yaye 'yan nazare, wai har da hula. Ba sa kayar da yaro don kar uba ya cire shi. Nawa na tambayi dalilin da ya ci 90 a lissafi alhali bai iya jadawalin uku ba, aka ce in zo taron iyaye. Na je, maganar katanga aka yi har aka tashi. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, amma je ka ga yawan yara a ajin gwamnati.

Ummu Hanan: Yaya, kin taɓa kai shi an duba idonsa? Rubutun takardar magani ƙanana ne. Sannan lissafa min: boko safe, lesin, Islamiyya, yaushe yake hutawa? Ga sanyin nan yara na fita ba su karya ba. Kuma me malamar ajinsa ta ce?

Maman Sadik: Na gode duka. Idonsa ƙalau, yana hango ƙwallo tun daga bakin layi. Maganar tsayar da lesin kuwa ba za ta yiwu ba, mai lesin ɗin 'yar yayar maigidan ce, tana da NCE, kuma tana ƙoƙari, duk aikin gidansa da ita ake yi, ba a taɓa dawo masa da shi ba a yi ba. In na cire shi, a Gangare za a ce na fara.

Malam Tsohon Hedimasta: Da ita ake yi, ko ita take yi? Ki buɗe littafin ki dubi rubutun. Na ga irin wannan ba adadi.

Maman Sadik: Haba Malam, ba za ta yi haka ba. Kuma bayan magariba lokacin nan nake kan keke in an kawo wuta, ɗinkin biki ne a gabana. Ni ma a aji uku na sakandare aka cire ni, kar in koya masa ba daidai ba.

Malam Tsohon Hedimasta: Wadda ta rubuta wannan dogon bayani ta iya ba be bi. Ya zauna gefen keken yana haɗawa kina ji.

Anti Rabi: Ki canza masa makaranta kawai, in kina so in turo miki sunan tamu.

Maman Sadik: Mun riga mun biya kuɗin zangon nan. Babansa ma ban gaya masa ba tukuna, shi sakamakon kawai yake dubawa. Akwai wanda ya san addu'ar buɗe ƙwaƙwalwa da ake tofawa yara a ruwa?