Dan Allah wace hanyar karkara ce ta fi kyau a bi da mota a Koriya?

Ɗalibin Suwon:
Slm jama'a. Ni ɗalibi ne a nan Koriya ta Kudu, yayana da matarsa za su zo min ziyara a watan Oktoba kuma shi mutum ne da ba ya son hayaniyar birni, ya ce in kai shi inda zai ga duwatsu da ƙoramu da ƙauyuka. Ina tunanin ɗaukar hayar mota amma ni iyakata jirgin ƙasa da bas, ban taɓa tuƙi a wajen gari ba. Wace hanya za ku ba ni shawara, wadda za a iya yi a kwana 2? Sannan maganar abinci da salla fa?

Tsohon Direba:
Wslm ƙanena. Ka nufi lardin Gangwon kawai, wajen dutsen Seoraksan. Ka hau babban titi mai lamba 60, wato Seoul zuwa Yangyang, amma dan Allah kar ka bi shi har ƙarshe, domin tun da aka kammala shi a 2017 mutane suke shigewa ramin nan da titi ya ratsa ta ƙarƙashin dutse na Inje-Yangyang mai kusan kilomita 11 su ɓullo bakin teku ba su ga komai ba sai bango da fitilu. Ka sauka a Dong-Hongcheon ka kama hanya mai lamba 44. Ita za ta kai ka Inje, ka wuce Wontong, daga nan sai hawa, kwana bayan kwana har ka kai Hangyeryeong, sama da mita 900, akwai wurin hutawa a can sama inda za ka faka ka leƙa kwarin gaba ɗaya, kuma wlh a tsakiyar Oktoba ganyen nan ja da ruwan ɗorawa sai ka rasa inda za ka kalla. Kafin ka kai sama akwai Jangsudae, daga nan ake hawa zuwa ruwan Daeseung da ke zubowa daga mita 88, sai dai matakalar tana da tsayi, in madam ba ta saba ba ku bar shi.

Gangarowa kuma ka sa ƙaramar giya, kar ka dinga danne birki. Ƙasa kaɗan sai Osaek, akwai idon ruwa mai gas da ɗanɗanon ƙarfe, daga nan ake shiga kwarin Jujeongol da ƙafa. Hanyar a shimfiɗe take kusan duka, ruwa garai-garai a gefenka, ko dattijo zai iya. Ni a ganina nan ne zuciyar tafiyar, ku ba shi lokaci sosai. Ku kwana a Yangyang ko Sokcho.

Maman Biyu:
Duk abin da Malam ya faɗa haka ne amma ya manta bai gaya maka cunkoso ba. Asabar da Lahadi a lokacin ganyen nan kamar duk Seoul ce ta taso, wurin fakin a Osaek cika yake tun da safe. In da hali ku tafi tsakiyar mako ku fito bayan asuba. Abinci kuma ka yi hattara, alade yana shiga abubuwa da yawa har romo. A Yongdae-ri suna busar da kifi a sanyin hunturu, hwangtae ake ce masa, miyarsa da shinkafa ba ta da matsala galibi amma duk da haka ka tambaya. A Sokcho kifi ne ko'ina. Masallaci kam kar ku sa rai a kan hanyar, ku riƙe darduma da buta a but, ku matafiya ne sai ku yi ƙasaru.

Na Incheon:
Ni dawowa nake so in yi magana a kai. Kar ka maimaita hanya ɗaya, daga Sokcho ka bi tsohuwar hanyar Misiryeong ba ramin da ke ƙarƙashinta ba, dutsen Ulsanbawi na gefenka kamar katanga. Ita ce za ta sauke ka Yongdae-ri ɗin da Hajiya ta faɗa. In kuna son Baekdamsa, tsohon wurin ibadar 'yan Buddha, ba a barin motar mutane ta shiga, sai ku faka ku hau bas ɗinsu, wajen kilomita 7 a gefen rafi. Sannan ka sauke Naver Map ko KakaoMap, su ne ke faɗa maka kyamarorin gudu kuma suna da yawa. A tolget layin shuɗi na masu Hi-pass ne, wato na'urar da ke biyan kuɗin titi ba tare da an tsaya ba, ka tambayi masu hayar ko motar tana da shi. Tuƙi dai a dama ne irin na gida.

Ɗalibin Suwon:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wata tambaya, lasin ɗina na gida zai yi?

Tsohon Direba:
Shi kaɗai ba zai yi ba. Ka kira kamfanin hayar tun yanzu su faɗa maka takardun da suke karɓa, galibi lasin na ƙasa da ƙasa ne da fasfo da katin banki. Kuma ka tambayi irin man da motar ke sha, da yawa gas suke sha ba fetur ba. Kar magariba ta riske ku a kan dutsen, barewar nan da suke kira gorani tana tsallaka titi da dare.