Kakkaɓo Shi Aka Yi Ko Faɗowa Ya Yi? Muhawara Kan Jirgin Yaƙi Da Ɓarayin Daji

Ɗan Gabas: Salamu alaikum jama'ar zauren ga. Ku yi haƙuri da ni, yau raina a ɓace yake. Shekaranjiya da hantsi ɓarayin daji sunka shigo ƙauyenmu can gabashin Sakkwato, sunka kore shanun ƙanen babana, har da bajimai biyu na huɗa waɗanda da su yaka noman gero shekara da shekaru. Anka yi ta buga waya. Jirgi ya zo kau, amma sai bayan azahar. Ƙanena da ke can yac ce ƙara kawai sunka ji, da kyar sunka hango shi can ƙololuwa awa shirwa, yay yi kewaye biyu yat tahi. Su ko ɓarayin suna gindin itatuwa bakin gulbi suna shan inuwa da shanunmu. Ni abin da nig gani shi ne, tun ran da sunka kakkaɓo jirgin nan a Zamfara, jirgi bai sake yarda ya yi ƙasa-ƙasa ba. In yaro mai silifas bisa mashin ya iya kakkaɓo jirgin gwamnati, mu talakawa wa za mu kai ma kukanmu?

Mai Yadi: Allah ya mayar da alheri. Amma ƙanena ka gyara harshenka. Wane irin kakkaɓo? Mangwaro aka kakkaɓowa, ko goriba. Jirgi ya samu matsala ya hwaɗo, kai kuma ka zo kana ɗaura wa ɓarayi rawani. Irin wagga magana ita ka sa su jin kansu.

Direba: Alhaji, to in ba kakkaɓo ba mi za a ce? Sauka yay yi ya sha ruwa?

Mai Yadi: Ba da kai nike ba.

Tsohon Soja: Alhaji, a nan ba ka da gaskiya, kuma ba daga bakin ɓarayi maganar ta fito ba. Ranar Lahadi 18 ga Yuli 2021, kwana biyu kafin Babbar Sallah, jirgin Alpha Jet yana dawowa daga kai farmaki a tsakanin Zamfara da Kaduna aka buɗe masa wuta daga ƙasa. Rundunar sojin sama ce da kanta ta fitar da sanarwa washegari, ta bakin kakakinta na lokacin Edward Gabkwet, ta ce wutar 'yan bindiga ce ta sa jirgin ya faɗi. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da kujerarsa ya sauko da lema, suka bi shi, ya ɓuya, dare ya rufa masa asiri, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya har ya kai wurin sojojin ƙasa. Masu jirgi sun amsa an harbo musu jirgi, kai da kake Tsohuwar Kasuwa kana musu a kan me?

Mai Yadi: Yawwa Baba, kai da bakinka ka ce harbo. Harbo daban, kakkaɓo daban. Wanda yac ce kakkaɓo murna yake yi.

Ɗan Gabas: Murna? Alhaji shanun gidanmu anka kore hwa.

Malama: Ku bari in shiga nan, tunda Hausa nake koyarwa. Kakkaɓo daga kaɓa take. Ka kaɓe abu, ka kakkaɓe ƙura daga riga, ka kakkaɓo abin da ke sama ya faɗo inda kake. Babu murna a cikinta, babu zagi. Gidajen rediyo kullum suna cewa an kakkaɓo jirgi maras matuƙi a ƙasa kaza, ba wanda ya ce murna suke. Ita kanta bindigar ai sunanta ke nan a bakin 'yan jarida, bindigar kakkaɓo jiragen sama. Sai dai na yarda da Alhaji a abu ɗaya, kalmar tana sa mai sauraro ya ji kamar abin mai sauƙi ne, kamar jifa ɗaya.

Mai Yadi: Kun ji ko? Malama ta raba gardama.

Malama: Ban raba ba Alhaji, ka karanta daga farko.

Ɗalibi: Ni ina tare da Alhaji ta wani ɓangare. Ba duk jirgin da suka ce sun harbo ne suka harbo ba. Ranar 31 ga Maris 2021 wani Alpha Jet ya ɓace a Borno da matuƙa biyu. 'Yan Boko Haram suka saki bidiyo wai su suka harbo shi, ana ganin jirgi ya fashe a sama. Sojin sama suka ce bidiyon haɗe-haɗe ne. Sai bayan kusan shekara guda aka gano tarkacen jirgin a dajin Sambisa. Waɗannan mutanen sun san darajar farfaganda, ko jirgi ya faɗi don kansa za su ruga su tsaya a kansa su ɗauki hoto.

Direba: To na Neja hwa? Ni da idona nig ga bidiyon, ga gawarwaki ga tarkace, suna ta kabbara suna nuna bindiga.

Ɗalibi: Wane bidiyon? Turo shi.

Direba: Wayar da nike da ita lokacin ta lalace. Amma kowa ya gani.

Tsohon Soja: Na Shiroro yake nufi, 14 ga Agusta 2023. Jirgi mai saukar ungulu ne ƙirar MI-171, ya je kwaso sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna, ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba. Yaran Dogo Giɗe, wani jagoran 'yan bindiga, suka ce su suka harbo shi, hukuma ta ce hatsari ne. Hedikwatar tsaro ta ce sojoji 36 aka rasa tsakanin kwanton ɓaunar da faɗuwar jirgin. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ku bar gardamar kalma in gaya muku abin da yaron nan ya gani a ƙauyensu, don yana da dalili.

Bindigar da kuke ji ana cewa AA ba ta da wani siddabaru. Babbar mashinga ce mai jigida. Akwai mai harsashi milimita 12.7, akwai mai 14.5, akwai mai baki biyu ta milimita 23 wadda sai an ɗora ta a bayan mota. Harsashin 12.7 in ka riƙe shi ya fi tafin hannunka tsawo, na AK kuwa bai wuce ɗan yatsa ba. AK bayan mita 400 sai dai sa'a. Waɗancan kuwa suna cutar da jirgi a nisan kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, babbar har biyu da rabi. Sama da haka sun gama aiki. Shi ya sa jirgin da ya tsaya can ƙololuwa ba abin da zai same shi, sai dai in akwai makami mai linzami.

Matsalar Alpha Jet ita ce tsohon jirgi ne, haɗin Faransa da Jamus, tun farkon shekarun 1980 Najeriya ta saye shi, asalinsa ma na koyon tuƙi ne. Mun gan shi yana aiki a Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Rokokinsa da igwarsa ba sa bin abin hari da kansu, dole matuƙi ya sunkuyo da hancin jirgi ya saita da ido, ya saki, ya ɗago. Wannan sunkuyowar ita ke shigar da shi inda wuta ke kaiwa. Mai saukar ungulu kuwa ya fi kowa shiga haɗari, don ba ya da gudu kuma dole ya sauka. Amurka da duk ƙarfinta, a Mogadishu ranar 3 ga Oktoba 1993, da RPG, rokar da ake harbawa daga kafaɗa, aka sauko mata da masu saukar ungulu ƙirar Black Hawk biyu, sojojinta 18 suka mutu a faɗan. Saboda haka matuƙin da ya ƙi yin ƙasa ba lalle ragwanci ba ne. Amma kuma daga can sama, mutum a gindin itace da saniya a gefensa, ta ina za ka gane ɓarawo ne ko mai ita?

Mai Yadi: Baba da girmanka, kai sojan ƙasa ne. Mi kas sani game da jirgi?

Tsohon Soja: Na san ƙarar sa in yana zuwa ceton mu, na san yadda ciki ke ɗurar ruwa in bai zo ba. Shekara 28 na yi da kaki. Kai me ka sani ban da awon shadda?

Shugaban Zaure: Baba a yi haƙuri. Alhaji a janye wannan.

Mai Yadi: Na janye, amma awon shadda sana'a ta, ba abin kunya ba.

Ɗan Boko: Ku tambayi kanku ina suka samu bindigar. Wasu daga Libiya suka gangaro bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wasu kuwa a hannun jami'anmu aka ƙwace su. A Oktoban 2021 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta rubuta cewa an kai wa 'yan bindiga naira miliyan 20 a yankin Jibiya don a karɓo wata bindigar harbo jirgi mai 12.7 da suka ƙwace, saboda tsoron kada su harbi jirgin shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, in zai je gida Katsina. Wannan gwamnatin da Alhaji ya yi ta yi wa kamfe ce.

Mai Yadi: Ƙarya ta! Sojin sama sun ƙaryata wannan labari tun a lokacin.

Ɗan Boko: Sun ƙaryata, gaskiya ne. Me kake so su ce?

Mai Yadi: Ku da kunka yi shekara 16 kuna mulki mi kunka tsinana? A zamaninku na anka rasa jirgi a Adamawa cikin Satumban 2014, har Shekau ya fito yana alfahari. Wa ya sayo jiragen yaƙi Super Tucano 12? Ku?

Ɗan Boko: An sayo, sun iso a 2021, an ajiye su a Kainji. Cikin wannan shekarar aka kashe mutum sama da 40 a kasuwar Goronyo, aka ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni. Tucano na ina?

Mai Yadi: Kahin a yi aiki da Tucano kan ɓarayin, sai da kotu ta ayyana su 'yan ta'adda tukuna, ka je ka karanta.

Direba: Ku bar batun Tucano. Jirgin da ka kawo musu makamai cikin daji da dare hwa? Wani abokina ya gane shi da idonai.

Ɗalibi: Kullum abokin wani ne ya gani. Kowa na da waya mai kyamara, har yau ba hoto ko ɗaya?

Direba: In ba a kawo musu, don mi anka hana jirage shawagi bisa Zamfara a 2021?

Ɗalibi: An hana, a watan Maris, tare da hana haƙar zinari. Wannan ba hoton jirgi ba ne.

Hajiya: Ni duk wannan lissafin milimita bai dame ni ba. Ku da kuke roƙon jirgi ya zo, kun manta Silame? Ranar 25 ga Disamba 2024, Gidan Bisa da Rumtuwa, an je neman Lakurawa, mutum 10 na gari suka mutu, Gwamna Ahmad Aliyu da kansa ya je jana'iza. Sojoji suka ce kayan Lakurawa ne suka fashe bayan harin, mutanen gari suka ce wuta daga sama ta zo musu. Ina da 'yan uwa ta wajen. Har gobe in yara suka ji ƙarar jirgi ɗaki suke faɗawa. Ɗana Ɗan Gabas, da jirgin nan ya saki wuta a bakin gulbin, ka tabbata ƙanenka ba ya cikin masu bin sawun shanu?

Ɗan Gabas: Yana ciki Inna. Su bakwai sunka bi sawu.

Hajiya: To ka gani.

Tsohon Soja: Abin da nake faɗi ke nan Hajiya. Jirgi ba ya riƙe ƙasa, ba ya koro shanu. In babu sojan ƙasa a kusa da zai gaya wa matuƙi ga namu ga nasu, ko ya sauko ko bai sauko ba talaka ne a tsakiya.

Mai Yadi: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya kawo takardar da soja yac ce kakkaɓo ba.

Malama: Alhaji da Turanci suka rubuta sanarwar, ta ina kakkaɓo za ta fito a ciki?

Shugaban Zaure: Jama'a dare ya yi, bari in tattara. Abin da muka fahimta shi ne, na ɗaya, jirgi guda ne tak hukuma ta amsa an harbo a yankinmu, kuma matuƙin ya tsira, wanda ke nuna ƙwarewar sojojinmu. Na biyu, yawancin abin da ɓarayi ke faɗa farfaganda ce, kamar yadda Ɗalibi ya nuna. Na uku, Malama ta tabbatar kalmar kakkaɓo ba ta dace ba, don haka daga yau a riƙa cewa jirgi ya samu matsala a bakin aiki. Labarin miliyan 20 an ƙaryata shi, kada a sake kawo shi nan. Mu ci gaba da yi wa shugabanni da jami'an tsaro addu'a. An rufe wannan batu.

Malama: Shugaba ban faɗi haka ba. Saƙona yana nan sama.

Ɗan Boko: Batun Goronyo da Silame kuma ba su shiga tattarawar ba?

Shugaban Zaure: An rufe.

Ɗan Gabas: Ku kira shi abin da kunka ga dama. Yanzun ga ƙanena ya bugo, sun aiko a kai musu kuɗi kahin Juma'a in ana son bajiman huɗar, sauran shanun kau sun ce a manta da su. Baba Tsohon Soja, in kana da wanda za a kira wanda ka ɗaukar waya, don Allah ka biyo ni ta gefe.