Hular saka mai gashin ulu, gashin sai zamewa yake

Maman Hanifa:
Slm yan uwa masu saka. Dan Allah a taimaka min, makarantar su Hanifa zasu yi wasan kwaikwayo ranar hutu, ita aka bawa tsohuwa, shine nace bari in saka mata hula da kwarashi in dasa farin zare kamar furfura da kitso biyu a gefe. Hular dai na gama amma gashin ina dasawa yana zamewa, kuma data juya kai sai hular ta koma keya. Shekararta 4.

Hajiya Mai Saka:
Wslm. Kin auna kanta kuwa kafin ki fara? Dan shekara 4 kansa wajen santimita 50 ne, amma hular ki rage kamar santimita 3 saboda saka budewa take, balle an dora mata nauyi. Da'irar tsakiyar kai in ta kai 15 a fadi ki daina kari ki sauko kawai. Maganar zamewa kuma ba zurawa ake a barshi ba yata, ninka silin zakiyi biyu, ki jawo bakin ninkin da kwarashi ta karkashin sakar sai ki zura jelar ta cikin madaukin ki ja sosai, irin yadda ake wa bakin mayafi tuntu. Wurin yanka ki nada zaren a jikin littafi ki datse gefe daya, duk su fito tsawo daya.

Ummu Khalil:
Ni fa ina ganin yawan gashin ne yake jan hular baya. Mutane sai su cike ko ina da zare, ga nauyi ga zafi, yarinya ko minti goma bazata yi ba zata cire ta yar. Tsaga kawai zaki dasa, layi biyu daga goshi zuwa keya, sai zagayen baki, in kika kwantar dashi gefe kika kitse babu wanda zai ga sakar kasa, musamman in launinsu daya. Kuma ki nemi Brazilian wool na kitso, yafi kama da gashi.

Hajiya Mai Saka:
Brazilian yana da santsi Ummu Khalil, kullin saurin kwancewa yake. Yeye wool yafi rikewa, ki hada fari da ruwan toka furfurar tafi fitowa. Kar dai a sa masa ayan, narkewa zaiyi.

Maman Hanifa:
Kai na gode wlh, Allah ya saka da alheri. Hajiya to hular da na riga na gama sai na warware kenan? Dan jibi ne wasan fa.

Hajiya Mai Saka:
A'a barta, ki zagaya bakin da siririn roba ta ciki ki dinke, ta isa.