Kakana ya baro iyali a Kumasi, in bi sawu ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Jama'a, kaina ya ɗaure. Mu Agalawa ne, fataucin goro muka gada. Kakana ya daɗe a Zangon Kumasi, har zuwa 1969 da gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. A bayan babbar mota ya dawo Kano, daga shi sai buhun tufafi da Alƙur'aninsa, wanda yake ɗakina yanzu. Nan ya auri kakata. To watan jiya gwaggona tana kwance ba lafiya ta ce min ya baro mata da 'ya'ya biyu a can. Na tambayi Baba, ya ce wa ya aike ni. Har na fara tara kuɗin mota.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tashi ka tafi. Ƙasar ECOWAS ce, ba biza, fasfo da katin allurar shawara kawai. Kana sauka ka nufi fadar Sarkin Zango, ka faɗi sunan kakanka da na maigidan da ya sauke shi. Kwana uku ya yi yawa.

Uwargida: Ɗana, kada ka tono abin da manya suka binne. Mu ma haka ƙanina ya je neman dangi, suka biyo shi da maganar gado. Shekara shida muna kotu, gidan babanmu ya salwanta, yau ko gaisuwa babu.

Bakatsine: Hajiya, ai in 'ya'yansa ne suna da haƙƙi. Gadon da aka raba babu su, haram ake ci.

Uwargida: Malam, kai aka kora daga gida ko ni?

Ɗan Zango: Ku bar tsorata yaro. Mutanen Zango ba mayunwata ba ne.

'Yar Fagge: Ka san sunan matar ma kuwa? Kuma mahaifinka ya ce a'a, ina albarka?

Mai tambaya: Yaya, bai ce a'a ba, faɗa kawai ya yi. Sunan kuma gwaggo ta manta. Ni ba gado ya dame ni ba, baffannina nake son gani.

Bakatsine: Wa ya ce maka maza ne?

Ɗan Zango: Ka sayi tikitinka dai.