Wai duk ƙauyen da aka tono kwal ya tsira daga talauci?

Kawu na Garwa: Ni dai ina nan kan bakana, kwal na fidda ƙauye daga talauci. A da Enugu ƙauye ne a kan tudu, mai suna Enugwu Ngwo. Turawa suka gano kwal a yankin a 1909, zuwa 1916 jirgin ƙasa na kwasarsa zuwa Fatakwal. Ku dubi garin yau. Da mu Allah Ya ba wa, da mun huta.

Autan zaure: Kawu, ba ga shi muna da shi ba? Buhu-buhu ake shigowa da shi kasuwa.

Kawu na Garwa: Kai yaro, wannan gawayi ne, itace aka ƙona. Kwal dutse ne, daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi.

Malama daga Marwa: Allah Ya ja kwana, Kawu, amma ka tsallake rabin labarin. Waɗanda suka shiga ramin fa? Ranar 18 ga Nuwamba 1949, a mahaƙar Iva Valley, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa leburori wuta a kan rikicin albashi. Mutum 21 suka mutu. Kuma da jiragen ƙasa suka koma shan dizal, ga yaƙin basasa a 1967, kasuwar ta faɗi. Abin da ya riƙe Enugu zamanta hedikwatar jihar Gabas ne.

Kawu na Garwa: To me ya kai hedikwatar can in ba kwal ba?

Direban tirela: Malama ta fi ka gaskiya, Kawu, a yi haƙuri. Na sha bi ta wajen Maiganga a jihar Gombe, inda ake tono wa masana'antar siminti. Sai da aka tashi ƙauyen daga mazauninsa. Na tsaya sallar la'asar a bakin hanya, da na ɗago goshina baƙi ƙirin, ganyen dawa ma haka.

Kawu na Garwa: Ƙura ai wanka ke fidda ta. Tchirozerine a Nijar fa? Kwal ɗinsu ke ba Agadas da Arlit lantarki.

Direban tirela: Ka faɗa da bakinka, Agadas da Arlit, da kamfanonin yuraniyom.

Hajiya a Njamaina: Ku kuna ta musu. Mu da aka hana gawayi a 2009, har kashin shanu mun hura a murhu. A lokacin ko dutsen aka kawo mini, da gudu zan karɓa.

Kawu na Garwa: Yawwa Hajiya!

Hajiya a Njamaina: Ban ce a tono a gonarmu ba fa, Yaya.